Shuni a Bakin Haƙori

Ranar Alhamis da hantsi, Nagoda bai gama shan kunu ba labari ya riga ya zaga Tudun Wada ya dawo: an yanka zanar rumfar Labaran fita, mai gyaran mota, an sace ƙarfen motar Bature. Kafin ya wanke hannu har an kama ɓarawon. Mutanen unguwar nan Allah ya hore musu saurin gano ɓarawo, muddin ba daga gidansu ya fito ba.

Nagoda tsohon maharbi ne da ya rataye baka ya koma bin sawu. In jaki ya ɓata, ko aka kwance saniya daga turke, shi ake kira, ya duƙa ya yi ta kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura, har ya kai mutane ƙofar da ba su zata ba. Wannan karon ƙafarsa ta yi masa nauyi. Labaran surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari. Wanda aka kama kuma, Ɗantsoho maƙeri, shi ke ƙera masa kibau tun yana shiga daji.

Motar kowa ya san ta. 'Yar ƙarama ce ja, kujera biyu ba rufi, ta wani Baturen auduga da ake kira Mai Tabarau. In ta biyo hanyar tasha, kaji ba sa samun damar yin shawara. Wata huɗu ke nan tana ɗage a kan kututture a rumfar Labaran. Tsakanin ƙafafunta na baya akwai wani ƙarfe mai tumbi da Labaran ke kira tukunya, a ciki akwai zobe mai haƙora, faɗinsa kamar faifai, da ɗan ƙarami mai haƙora da ke tura shi. Aikin tukunyar raba wa ƙafafu gudu: in an zo kwana, ta waje ta yi sauri, ta ciki ta jira ta. Haƙora uku na zoben suka karye a hanyar Kano. Labaran ya tone tarin tsofaffin ƙarafa na loko, ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa inda ya koyi aiki, ya je Kano ya leƙa ƙarƙashin matattun motoci, ya je Kaduna, bai sami irinsa ba. Sai da aka buga waya Ikko, daga Ikko aka aika Ingila, zoben ya biyo jirgin ruwa ya biyo na ƙasa, ya iso ranar Litinin. Ga shi yau babu shi, Mai Tabarau kuma zai dawo daga rangadi ranar Asabar.

*

"To, ka iso," in ji mai unguwa Mahmudu, yana tsaye a bakin rumfar. "Ba wani dogon aiki ba ne, shaida kawai muke so. Jibi in Baturen nan ya zo, ko in miƙa masa ƙarfensa ko in miƙa masa ɓarawo. Na sami ɗaya."

"Ranka ya daɗe, a ce wa jama'a su ja baya," in ji Nagoda. "Sun riga sun cinye mini rabin ƙasar da ƙafa."

An yi ruwa jiya tun magariba har bayan lisha, ƙasa ta kwana a wanke kamar allo. Dab da inda aka yanka zanar 'yan kallo sun tattake komai, don haka Nagoda ya ja can nesa ya kewaye rumfar a hankali, don wanda ya fita da kaya dole ya tsallake wannan da'ira, sai in fiffike gare shi. Ya ga sawun akuya da 'ya'yanta biyu. Ya ga na zabi. Sai kuma wata siririyar hanya da ƙafa ta sheme tsakanin rumfar da maƙerar Ɗantsoho, a kanta ga sawun maƙerin, wanda ba ya ɓoyuwa saboda babban yatsansa na hagu ya karkace tun ranar da masaba ta faɗa masa. Ya zo da asuba, ya koma. Takun zuwa da na komawa duk ɗaya ne, ba gaggawa ba sanɗa.

A bakin yankan zanar akwai shafar yatsu huɗu, shuɗi. Nagoda ya dangwala, ya murza, ya sunsuna. Shuni ne, amma da maiƙo.

Ya shiga ciki. Ga akwatin katako a buɗe, ba komai sai takarda mai maiƙo. Ga duro na baƙin mai a lungu. Ga tukunyar a kan benci an rufe ta da buhu. Ya ɗaga buhun. Ɗan ƙaramin mai haƙora na zaune a mazauninsa, fes, yana warin kananzir, sai dai kowane haƙori da ɗigon shuɗi a can bakinsa kamar an sa masa kwalli. Ya duba, bai fahimci komai ba, ya mayar da buhun.

Labaran na durƙushe a gefe, kansa a ƙasa. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, don haka Nagoda ya juya ga mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a tambayi mai rumfa, yaushe rabonsa da ƙarfen?"

"Jiya da la'asar, Baba," in ji Labaran, bai ɗago ba. "Yana cikin akwatinsa."

"Ya gwada shi a jikin motar?"

"A'a. Ranar Litinin na buɗe na nuna wa mutane, na mayar. Bai ko shiga tukunya ba. Boris ɗin da zai riƙa juyawa a kai nake jira daga Kano."

Wani daga cikin taron ya ɗaga murya: "A ranar ne Ɗantsoho ya ɗauka ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ƙarfe zai yi aska ɗari! Kowa ya ji!" Jama'a suka amsa, har da waɗanda ranar Litinin ɗin suna gona.

*

Ɗantsoho na zaune a zauren mai unguwa, hannu a ɗaure da igiya, ɗan doka na gyangyaɗi a gefensa. Kafin a kawo shi an tone daɓen maƙerarsa, an tuge uwar maƙera, har zuga-zugi an farke don a ga ko zoben na ciki. Yadda zobe mai faɗin faifai zai bi ta bakin zuga-zugi, wannan ba wanda ya tsaya tambaya.

"Na ga sawunka," in ji Nagoda bayan sun gaisa.

"Da ba ka gani ba ai da ka makance. Shekara shida, ka taɓa ganin safiyar da ban tsallaka na ci goro a rumfar nan ba? Na je, na yi sallama, ba kowa, na dawo."

"An ce ka ce zai yi aska ɗari."

"Na ce. In ka ga doki mai kyau ka yaba, ka sace shi ke nan?" Ya yi tsaki. "Duk notin da Labaran ya rasa, ni ke ƙera masa. Tun farko na ce ya bari in dasa wa tsohon zoben haƙora uku, ya ce aikin Turawa ba a yi masa ɗori. Ban ji haushi ba, sana'arsa ce."

Ya dubi igiyar. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Nagoda, igiyar nan ba ta dame ni ba. Da suka zo suka ja ni, Labaran yana tsaye. Na dube shi, sai ya dubi ƙasa. Ko 'ku dakata' bai ce ba."

Nagoda ya miƙe ya fita. Ya san abin da ke jiran maƙerin: alƙali, gidan yari, sannan ko ya fito ba mai sake ba shi fartanya ya gyara ba tare da ya tsaya a kansa ba.

*

Masu cewa ba Ɗantsoho ba ne, su kuma Muntaka marini suke nunawa, tunda an ga shuɗi a zana. Nagoda ya gangara marina a bakin rafi, ya tarar da shi yana juya zane a cikin rijiyar baba.

Da Muntaka ya ji zancen sai ya yi dariya. Ya kira Nagoda inuwa, ya jira hannunsa ya bushe, sannan ya kama farar rigar tsohon ya goga tafinsa iya ƙarfi. Ko alama ba ta fito ba.

"Ka gani, Baba? Shunin marini a cikin fata yake, ba ya ba da aro. Kuma me zai haɗa shi da maiƙo? Mai yana shiga rijiya ta mutu. In shuni da maiƙo kake nema, tambayi surukinka."

"Me ya haɗa fita da shuni?"

"Ranar Talata da safe ya zo ya karɓi ɗan ƙulli. Na tambaye shi ko ya canza sana'a ne. Ya ce kwaɓawa yake yi da giris, ya shafa wa haƙoran babban zoben, ya haɗa su, ya juya. Duk inda suka taka juna sai ya fito a jikin ƙaramin. In tsakiyar haƙori ya kama, sun zauna lafiya. In baki-baki ya kama, ba inda za su je, sai kuka da karaya." Ya koma ga zanensa. "Har na ce masa, ashe ku ma duba kuke yi."

Nagoda ya yi godiya ya tafi. Bai yi nisa ba ya zauna a kan wani dutse. Shekara arba'in yana karanta ƙasa, bai taɓa sanin ƙarfe ma yana barin sawu ba. Ya ga sawun da idonsa tun da safe, a ƙarƙashin buhu, kuma yanzu ya san na gurgu ne. Ya so a ce bai ɗaga buhun nan ba. Ya so a ce Muntaka mutum ne mara son surutu.

*

Gidan Labaran na manne da nasa, akwai 'yar ƙofa tsakani da mata ke bi. Da la'asar sakaliya Saratu ta shigo ta nan, goyo a bayanta, ta durƙusa daga nesa. 'Yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, amma duk unguwar an san ba wanda yake so kamarta.

"Baba, ka taimaka masa," ta ce. "In ba a ga ƙarfen nan ba, ban san yadda zai yi ba. Tun ranar Talata bai sa komai a cikinsa ba. Na yi masa fate, ko kallo bai yi ba."

"Tun Talata?"

"Tun Talata da rana."

Satar ta daren Laraba ce. Nagoda ya dubi jikansa da ke barci, kai ya langaɓe, ya ji tausayi ya cika masa ƙirji. Ita ta zo neman taimako ne, ba ta san ta ɗaure mijinta da bakinta ba.

"Je ki," ya ce. "Allah ya sa mu ga alheri."

*

Ranar Juma'a da sassafe ya sami Labaran shi kaɗai a rumfa, yana goge sufanar da ta riga ta gogu. Nagoda ya ajiye kunya a bakin ƙofa, ya shiga ya zauna kusa da shi a kan benci, abin da bai taɓa yi ba. Labaran ya zame ƙasa.

"Ina saurayi," in ji Nagoda, yana kallon motar, "na taɓa harbin akuyar mutane a cikin sabara, na zaci gada ce. Ni da ake yi wa kirari da ido. Kunya ta hana ni faɗa, na ja ta na binne. Da aka rasa akuya sai aka ce karen maƙwabcinmu ne, don an taɓa ganinsa da ƙashi. Ina tsaye aka kashe shi da sanduna. Akuyar na manta launinta, amma kukan karen nan har yau ina jin sa."

Labaran ya juya sufanar, ya sake juyawa.

"Allah ya kyauta, Baba," ya ce.

Nagoda ya jira. Ya ba shi lokaci ya fi na cin goro guda. Ba abin da ya biyo baya.

"In an sauko daga masallaci, mai unguwa zai tara mu a nan," ya ce, ya miƙe. A hanya ya ji haushin yaron, ya kuma ji tausayinsa, bai san wanda ya fi yawa ba.

*

Bayan Juma'a rumfar ta cika. Mai unguwa a kan buzu, Ɗantsoho da igiyarsa da ɗan dokansa, Muntaka da shuɗɗan hannuwansa a naɗe a ƙirji, Labaran a rakuɓe, jama'a kuma har kan katanga.

"Ranka ya daɗe," in ji Nagoda, "ka kira ni in bi sawun ɓarawo daga rumfar nan. Na kewaye ta bayan ruwa, ban ga wanda ya fita da kaya ba. Ɗantsoho ya zo, ya koma yadda ya zo. Shuɗin da ke jikin zana kuma ba na marini ba ne, na marini ba ya gogewa, ga rigata shaida."

"To aljani ne ya ɗauka?" in ji mai unguwa.

"Sawun ba a waje yake ba."

Ya janye buhun daga kan tukunyar, ya ce Muntaka ya maimaita abin da aka gaya masa ranar Talata. Muntaka ya maimaita, wannan karon ba dariya. Nagoda ya nuna ɗan ƙaramin mai haƙora da ɗan yatsa.

"An ce mana sabon zoben bai taɓa shiga tukunyar nan ba. To ga sawunsa. Ranar Talata aka karɓo shunin, ko ƙura bai ɗauka ba. Zoben ya shiga, sun yi tafiya tare da wannan, kuma a bakin haƙori kaɗai suka taka juna. Wanda ya shafa shunin, da hannunsa aka riƙe zana aka yanka." Ya janye hannunsa. "Abin da bai fita ba kuwa, yana ciki."

Ya taka zuwa lungu, ya ɗora tafinsa a bakin duron baƙin mai, ya tsaya. Bai dubi kowa ba. Rumfar ta yi tsit, har ana jin kudan da ke zagaye akwatin.

Labaran ne ya miƙe. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya zura hannu cikin man, ya zaro zoben yana ɗiga. Ya ajiye shi gaban mai unguwa, ya durƙusa.

"Bature ya tambaye ni ko a aiko da su biyun, zoben da ƙaramin," ya ce. "Na ce ƙaramin lafiyarsa ƙalau, wa ke canza abin da bai mutu ba? Haka muka saba. Ashe su tare ake yanka su, ba a raba su. Na juya shi ya fi sau ashirin, in ƙara fallen tagulla in rage, ya ƙi zama. Wata huɗu, ranka ya daɗe, duk gari na jira. Sai na ce in an sace, dole a sake aikawa, in ce a haɗo da ƙaramin. Wallahi ban zaci za a kama kowa ba."

"Da aka kama fa?" in ji Ɗantsoho.

Labaran ya dubi ƙasa.

Mai unguwa ya kwance igiyar da hannunsa. Ɗantsoho ya murza wuyan hannu, ya sunkuya ya ɗauki zoben, ya goge da gefen rigarsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne har ƙarar ta ɗauke.

"Har yanzu zai yi aska ɗari," ya ce. Ya ajiye shi, ya fita. Nagoda ya lura bai bi siririyar hanyar ba, ta babban titi ya zagaya.

*

Mai Tabarau ya dawo ya yi faɗa da Hausarsa mai ƙaho har kunnuwansa suka yi ja, amma daga nan zuwa Kano ba wani fita da zai taɓa masa tukunya, don haka aka sake buga waya Ikko. Alƙali ya sa Labaran ya kai wa maƙerin fatun akuya biyu na sabon zuga-zugi. Ɗantsoho ya mayar da su ko warwarewa bai yi ba. 'Yar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu ta yi wata guda a rufe, wannan kuwa ya ci Nagoda fiye da yadda ya nuna. Ranar da ta buɗe, Saratu ta ajiye masa kwanon fate, shi kuma ya jawo shi ya ci.

Ƙaramin da aka yanka tare da sabon zoben ya iso ana dab da yankan gero. Labaran ya haɗa su, ya shafa shuni, ya juya, shuɗin ya fito a tsakiyar kowane haƙori. Ya sa boris, ya ɗaure, ya ɗura mai. Washegari, bayan ɗan yayyafin ƙarshen damina, jar motar ta sauka daga kan kututture ta nufi tasha ba ko gurnani, kaji suka koma ga tsohuwar wahalarsu.

Da 'yan kallo suka watse, Nagoda ya je kwanar ya duƙa. Ƙafar waje ta zagaya da faɗi, ta ciki ta jira ta, ba wadda ta ja 'yar'uwarta a ƙasa. Aikin ya yi kyau, ya kuma ji daɗin haka.

A hanyar dawowa ya ratsa ta bayan rumfar. Siririyar hanyar da ke zuwa maƙera ciyawa ta rufe ta, sai wanda ya san ta da zai gane inda take. Amma an taka ciyawar da safen nan. Ya bi a hankali. Sawun Labaran ne, daga rumfa har ƙofar maƙera. A nan ƙafafun biyu sun jeru wuri ɗaya, sun nutse cikin laka fiye da ko'ina, irin nutsewar wanda ya daɗe a tsaye. A gefe ga ɓarin goro guda, bai ko sha haƙori ba. Daga nan sawun ya juya ya koma inda ya fito. Daga ciki ana jin masabar Ɗantsoho tana sauka a kan ƙarfe, ba ta tsaya ba.

Ba wanda ya aiki Nagoda bin wannan sawun, ba kuma wanda ya gaya wa. Ya sa ƙafa ya share shi kafin 'yan unguwa su gani, ya wuce gida.